Baba Mato da Kashin Awakin Kasuwar Tanut

Har zuwa bazarar bana, kashegarin kowace kasuwa, da an sallame sallar asuba Baba Mato zai ɗaura wa jakinsa amalanke ya nufi kasuwar dabbobi ta Tanut. Ba ya fara shara da zuwansa. Sai ya jingine tsintsiya, ya goya hannu a baya, ya zaga filin nan kaf yana kallon ƙasa, kai ka ce dillali ne ya zo duba hajar da aka manta. Ya san inda raƙuman mutanen arewa suka durƙusa jiya, ya san inda awakin Gangara suka yini, ya san gefen da Fulani suka tsai da shanunsu. Sai ya gama wannan zagaye sannan ya ɗauki tsintsiya, kuma shararsa kashi uku ce. Tsumma da guntun igiya da ƙasusuwa, waɗannan na wuta ne. Kashin shanu na masu gona ne, duk wanda ya zo da kwando ya ɗiba. Kashin awaki da na raƙuma kuwa, wannan ba mai taɓa masa. Yakan tsuguna a kansa, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya fasa da farce, ya kai kusa da ido, ya gyaɗa kai ko ya yi tsaki, sannan ya zuba a buhu.

Shekara goma sha huɗu ya yi yana wannan aiki a ƙarƙashin ofishin tsabtar gari, tun shekarar saba'in da huɗu. Yanzu gwiwa ta gaji, ido ya yi rauni, ya ajiye tsintsiya. Na ga bai kamata mutum irin wannan ya koma gida shiru ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ni ne Attahir duba-gari. Duk matar da na taɓa buɗe wa randa ina neman tsutsar sauro ta san ni, kuma na san ba addu'ar alheri ta bi ni da ita ba. Ni ne kuma mutumin da ya yi saura ƙiris ya raba Baba Mato da abincinsa. In ka shiga itatuwan nan da ke arewa da kasuwar dabbobi, za ka ga wani dogon fili a bakinsu, wanda ya shekara goma sha biyu ba ko tsiro a kansa. Mahauta suna kiransa Titin Attahir, kuma ba don girmamawa ba ne.

A saba'in da shida na dawo daga kwas a Damagaram da takardar shaida, da farar riga, da ilimi guda ɗaya da ya cika mini kai: duk ƙazanta a kai ta juji, a cinna mata wuta. Ban yi wata biyu ba sai ƙara ta iso buro, wato ofishinmu, wai mai sharar kasuwar dabbobi ba ya kai duk shararsa juji. Yana loda wasu buhuna ya kai wani faƙo a arewa da kasuwa, wurin da ko ƙaya ba ta fitowa, ya haƙa ramuka ya binne. Wasu suka ce asiri yake yi wa 'yan kasuwa. Wasu suka ce a ƙyale shi, tun da farin saba'in da uku ya cinye masa garke kansa bai koma daidai ba. Shugabanmu na lokacin ya kira ni ya ce, “Je ka gani. In gaskiya ne ka ƙone su, shi kuma ka kawo mini takardar sallamarsa.”

Na tafi da galan na kananzir da ashana. Na tarar da layi biyar na ramuka, kowane rami zurfinsa bai wuce kamu ɗaya ba, an cika shi da busasshen kashi, an yayyafa rairayi a kai. Ban tsaya tambayar kowa ba. Na bi layin farko ina tonewa, na tsiyaya kananzir, na ƙyasta ashana. Busasshen kashi ba ya gardama da wuta. Ina tsaye ina jin daɗin kaina, sai ga amalanke. Mato ya sauko, a lokacin ban san in ce masa Baba ba, ya tsaya yana kallon hayaƙin. Na shirya wa faɗa, na ma tanadi amsoshi. Sai kawai ya ce, “Malam Attahir, sannu da aiki.”

Na ce yawwa.

Ya daɗe yana kallon wutar, sannan ya ce, “Wannan layin na raƙuman Sidi ne, Buzun nan da ya zo daga ƙuryar arewa. Sau ɗaya suka zo bana.”

Na ce, “Layin raƙuman wa? Mato, kashi ne fa!”

Ya ce, “Kashi ne, Malam. Ban ce ba kashi ba ne.”

To, ni Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf, kuma wannan hali ya sha ja mini zagi a gidajen mutane. Ran nan dai ya yi mini rana. Ashana tana hannuna, layi na biyu yana gabana, amma tambaya ta riƙe ni: me zai sa mutum mai hankali ya san kashin dabba da sunan mai ita? Na mai da ashana aljihu na ce ya faɗa mini. Ya tsuguna a layi na biyu, ya zaro ƙwaya ɗaya, ya fasa ta a tafin hannunsa ya miƙo mini. A ciki akwai ɗan iri ja-ja, bai kai ƙwayar wake ba.

“Kandili ne, itacen ƙayan nan na daji,” in ji shi. “In ka tsinci ɗansa a gindin uwarsa ka shuka, sai ya shekara yana kallonka, don ɓawonsa tauri gare shi. Amma in ya bi ta cikin akuya ya fito, ciki ya riga ya lallashe shi, ruwan farko zai tashi. Ga shi kuma ya fito da guzurinsa na taki. Aduwa da magarya su ba ta baya suke fitowa ba, ƙwallonsu ya yi girma. In akuya ta kwanta tana tuƙa, nan take tofar da su. Shi ya sa nake duba inda suka kwanta kafin in sa tsintsiya.”

Na tambaye shi wane bature ya koya masa. Ya yi dariya har na ga giɓinsa. Ya ce kiwo ya yi shekara talatin a ƙasar Gangara, kuma duk makiyayi ya san wurin da garke ya daɗe yana kwana, bayan damina biyu sai ka ga ƙaya ta tashi. Kowa ya gani, ba wanda ya ɗauke shi abin lura. Ya ce kashin damina ba shi da amfani a wurinsa, ciyawa ce zalla. Na lokacin sanyi zuwa bazara shi ne mai iri, lokacin da dabba ke bin gindin itace tana tsintar 'ya'ya. Na tsaya da farar rigata ina saurare, ina ji a raina cewa duk wata shidan da na yi a Damagaram ba wanda ya taɓa cewa in fasa abin da zan ƙone in ga me ke ciki.

Sai na yi tambayar da ta fi damuna: me ya sa nan, a wannan faƙo? Ya juya ya nuna hanyar da ta fito daga daji. Ya ce a saba'in da uku ta nan ya shigo da awaki goma sha ɗaya, ragowar arba'in da wani abu, yana so ya kai su kasuwa ko ya samu na hatsi. Kasuwa saura kwana huɗu. Daga nan har inda ido ya tsaya ba ganye ko ɗaya, duk an sare an dafa tuwo. “Ruwa na samu na ba su, Malam. Abin da za su ci ne babu. Ina ganin rumfunan kasuwa, su kuma suna kwanciya ɗai-ɗai. Ran kasuwa igiya kawai na shiga da ita.” Bai ɗaga murya ba, bai kuma kalli layin da na ƙone ba. Ni ne na kalle shi, kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa.

Na koma buro ba takardar sallama. Shugaba ya saurare ni ya kwashe da dariya, ya ce, “An aike ka ka ƙone kashi, ka dawo kana yi masa lauya!” Amma mutum ne mai sauƙin kai. Ya ce ya ba mu zuwa uku ga Agusta, ranar da ake dashen itace. In a ranar bai ga tsiro da idonsa ba, Mato zai tafi, ramukan za su sha wuta, kuma ni zan rubuta takardar da hannuna. Mato ba gona gare shi ba, ba akuya. Shi da matarsa Balki da 'ya'ya huɗu, tsintsiyar nan ce kaɗai tsakaninsu da yunwa. Na san haka, shi ma ya sani.

Damina kuma ta ƙi sauka. Yuni ya wuce, Yuli ya raba tsakiya, hadari ya taso ya watse. Kullum da safe ina faƙon nan ina tsokalar ramuka da tsinke, har Mato ya gaji ya ce, “Haba Malam, ba tukunyar dambu ba ce da za a riƙa buɗewa.” Da ya hana ni, sai na koma gida na yi nawa gwajin. Na samu gwangwani biyu. Ɗaya na zuba irin kandili da na ɓare daga kwanso da hannuna, ɗaya na zuba wanda na tsinto daga kashin awaki, ina ba su ruwan alwalata. Uwargidana ta leƙo ta ce ashe ciwon Mato ɗauka ake yi. Kwana shida, gwangwanin kashi ya yi tsiro bakwai. Ɗaya gwangwanin har na gaji na zubar, guda ɗaya tak ya fito. Na ruga da gwangwani buro, shugaba ya ce shi ba gwangwani ya ce ba, ƙasa ya ce.

Saura kwana tara ruwa ya sauka, ruwa na gaske, aka kwana biyu ya ƙara. Ran uku ga Agusta, bayan an dasa dogon-yaro a bakin hanya an yi tafi, shugaba ya ce mu je. Muka tarar da Mato a tsugune. Layi huɗu sun yi ɗigo-ɗigon kore, 'yan ganyaye sirara waɗanda sai ka sunkuya za ka gan su. Layin farko kuwa baƙi ƙirin. Shugaba ya sunkuya ya daɗe, ya miƙe ya ce, “To, na gani. Amma awakin garin nan kafin la'asar sun gama da su. Ofis ba shi da wayar shinge da zai ba ka.”

Mato ya ce, “Ranka ya daɗe, ba sai an ba ni ba.” Ya nuna bayan amalanke. Ashe duk watannin nan yana tsince fasassun tukwane da tulunan da gindinsu ya fita da kwandunan da suka mutu daga juji, ya tara su tuli guda. Kowane tsiro zai kifa masa ɗaya, rana ta shiga ta sama, bakin akuya ya tsaya a waje. Shugaba ya girgiza kai ya ce, “A bar shi. Amma in na ga ƙuda, ku duka biyu za ku ji daga gare ni.”

Daga wannan shekara Mato ya riƙa ƙara layi, bana uku, baɗi biyar. Da yawa sun mutu, ya sake. Da tsiro ya fi ƙarfin tukunya sai ya kewaye shi da ƙaya. Matan unguwa suka daina jefar da fasasshen tulu, sai su aika masa. Abu ɗaya ne ya ƙi yi: bai sake shuka layin farko ba. Ya shuka gabas da shi, ya shuka arewa da shi, ya bar shi fayau. Na tambaye shi ya fi sau goma. Kullum amsarsa ɗaya ce, “Akwai lokaci, Malam.” Na ce ko kananzir ne ya kashe ƙasar, ya ce a'a. Na ce ko fushi yake da ni, ya ce subhanallahi. Ni dai duk ran da na bi ta wurin sai na sauke kai, mahauta suna yi mini kirari da titina.

Sai tamanin da huɗu ta zo. Ba sai na gaya wa mutumin ƙasarmu ta Damargu yadda shekarar nan ta kasance ba. Ba kuma zan ce itatuwan Mato sun ceci ƙasa ba, don dabbobin da suka mutu a bakin garin nan ni na sa aka binne su, na san yawansu. Amma a lokacin itatuwan farko sun shekara takwas, sun wuce tsayin mutum a kan raƙumi, kuma kandili ya zuba 'ya'ya kamar ya san abin da ake ciki. Zalika mai fura, wadda rumfarta ke kallon wurin, ita ta ba ni labarin abin da ya faru da Dado, wata Bafillatana da ta zo daga wajen Belbeji da awaki bakwai, mijinta ya tafi kudu da shanu bai dawo ba. Ta iso ta ga kore, ta zaro gatari za ta sare reshe. Mato ya riƙe ƙotar.

Dado ta ce, “Baba, sake mini! Ba ka ga suna faɗuwa ba?”

Ya ce, “Na gani, 'yata, na ma riga ki gani. In kika sare, yau za su ƙoshi. Jibi fa?” Ya ɗauko doguwar sanda mai ƙugiya ya ba ta, ya nuna mata yadda za ta girgiza reshe 'ya'ya su zubo ba tare da ta karya ba. Ya raba wa masu dabbobi itatuwa, kowa da ranarsa, ya zauna a wurin yini-yini yana tsaron gatari. Dado ta tambaye shi me za ta ba shi. Ya ce, “Abu ɗaya. Su kwana a nan, kada ki kai su wani wuri su yi mini asarar kashi.” Zalika ta ce ran nan ne ta fara ganin Dado ta yi dariya. Da damina ta sauka Dado ta tafi da awaki biyar cikin bakwai, ɗaya da ciki.

Baba Mato, kai ne ka shiga garin nan da igiya ba akuya, ka ƙi yarda wani ya sake shiga haka in da yadda za ka yi. Kai ne aka ba tsintsiya don ka kawar da ƙazanta daga idon mutane, ka tsuguna ka duba abin da ke cikinta. Mu masu takarda muna dasa itace sau ɗaya a shekara, da ganga da jawabi, mu tafi mu bar wa awaki. Kai ba wanda ya taɓa yi maka tafi, ga shi yau mahauta a inuwarka suke hutawa, masu raƙuma a inuwarka suke sauke kaya, yara suna cika aljihu da magaryarka. Mai tsintsiya uban daji! Na faɗa, kuma na san in aka karanta maka za ka ce in bar wannan surutu.

Ran da ya ajiye aiki, a watan Mayu, mun taru a buro aka yi masa addu'a, aka ba shi riga da buta. Da aka watse ya ce in raka shi. Muka tafi a hankali, yana dafa kafaɗata, har bakin Titin Attahir. Ya sa hannu a amalanke ya ɗauko wata 'yar jakar fata ya ɗora mini a hannu. Na kwance, kashin awaki ne busasshe.

Ya ce, “Dado ce ta kawo mini da sanyin nan. Awakinta sun kai talatin yanzu, har ƙuryar arewa take kai su, inda raƙuman Sidi ke kiwo. Kandilin can ya fi namu jure ƙishirwa. Irin da ka ƙone ke nan.”

Na ce, “Baba, ashe iri kake jira duk shekarun nan?”

Ya ce, “Iri na samu tun tuni, sau uku ma. Kai nake jira. Na ga kullum kana wucewa kana sauke kai. Na ce in na cike wurin nan da hannuna, kai har ka mutu kana sauke kai. Gurbinka ne, Malam Attahir. Cike abinka.”

Hawaye suka zubo mini a gaban mahauta. Na tuɓe farar rigar na rataye a reshe, na karɓi fartanya. Rami ashirin da shida na haƙa ran nan, yana zaune yana gyara mini, wannan ya yi zurfi, wancan ka cika masa rairayi. Bana kuwa Allah ya ba mu damina mai albarka. Goma sha tara sun fito.

Na gode, Baba Mato. Garin Tanut ya gode, har waɗanda ba su san inuwar wa suke sha ba. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya sa itatuwan nan su yi maka shaida ranar da ba inuwa sai tasa. Abdu da ya gaji tsintsiyarka ya yi mini alkawarin shararsa kashi uku za ta zama, kuma zan sa masa ido, aikina ke nan. Ku kuma 'yan'uwana ma'aikatan tsabta na Belbeji da Falanko da Gangara, kowace kasuwar dabbobi tana zubar muku da daji guda a ƙasa duk mako. Kafin ku ƙyasta ashana, ku tsuguna ku fasa ƙwaya ɗaya ku duba. In ba ku gane abin da kuka gani ba, mai shi yana nan da ransa a unguwar bayan kasuwa, ku zo ku tambaye shi.

Shekaranjiya na kai shi ya ga layina. Idon ba ya ganin ƙananan abubuwa yanzu, sai ya durƙusa yana shafa su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ƙarshe. Ina tsaye ina jiran yabo. Ya ɗago ya ce, “Malam Attahir, maza ka nemo tukwane ka kifa musu. Awakin garin nan ba su san duba-gari ba.”